Fitilar Ya Falmata

"Ba wannan ƙafar ba, Fulata, ta kusa da ita. Kai idonka shanu kaɗai yake gani?"

Sajo ya ɗago ƙarfen dalma daga kan ɗan koren allon lantarkin, ya hura yatsan da ya ƙone. Tun yana saurayi facin tayar tirela yake a bakin hanyar Damaturu, hannunsa ya saba da guduma da ƙarfen ɓamɓare taya. Yau ga shi an miƙa masa abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, an ce ya liƙa shi daidai.

"Wallahi Babarbare, ba don ciwo ya kayar da kai ba da na jefa maka abin nan a fuska. Wa ya ce a yi masa ƙafafu kamar na ƙuma?"

"Bawa ba ya yi wa ubangidansa tsawa. Liƙa."

Babakura yana jingine da bango a kan katifa, an tokare masa baya da filo. Ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana sheƙi, fuskarsa ta yi suntum, hannayensa suna rawa a kan cinyarsa. Ƙoda ce. A ƙasar nan ba sai an yi wa mutum bayanin ciwon ƙoda ba, kowane layi a unguwar Yerimaram akwai gidan da ya shiga. Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Sajo, kuma tun ranar da suka zama maƙwabta suke zagin juna irin na Bafillace da Babarbare, ba su taɓa yin faɗa na gaske ba.

Sana'ar Babakura hula ce, zanna yake sayarwa a kasuwa. Amma abin da ya ci masa rai wayoyi ne. In ya taso kasuwa sai ya shige ɗaki da matattun rediyo da tociloli, ya farke wannan ya haɗa da wancan. Da wayar hannu ta zo sai abin ya ƙaru, yana kallon yadda mutanen wata duniya suke haɗa fitilun da ke yin abin da aka umarce su. Ba ya gyara wa kowa, ba ya sayarwa. Sajo yakan ce masa wannan wasan yara ne da furfura.

Ƙofar ɗakin a rufe take da sakata, da tsakar rana, ana zafi. Haka suke aikin kullum. A Potiskum, tun shekarun da bam ya riƙa tashi, mutum ba ya zama a fili da batir da wayoyi da agogo a gabansa. Shi kansa Babakura an taɓa ɗauke shi a wancan lokacin saboda buhun tarkacen rediyo, ya dawo yana ɗingishi, bai taɓa ba da labarin abin da aka yi masa ba. Daga nan ya koyi rufe ƙofa.

"Ta kama?" ya tambaya.

"Ta kama. In ba ta kama ba ma ta kama, yatsana ya gaji."

"Kawo in gani."

Ya kai allon dab da idonsa, ya daɗe yana dubawa, numfashinsa yana fita da ƙyar.

"Ka zuba dalma kamar kana facin tayar baya. Amma za ta yi."

Abin da suke haɗawa na Ya Falmata ne, matar Babakura. Ranar da abin ya tashi a tasha tana wurin, ta je ɗaukar saƙon 'yarsu Mairam da ke aure a Gaidam. Ba ta ji rauni a jiki ba, amma kunnuwanta duka biyu suka tafi. Abu na ƙarshe da ta sani kafin shiru ya rufe ta shi ne haske, farin haske da ya faɗo mata lokaci ɗaya. Tun daga ranar, in aka kawo wuta ba zato ƙwan lantarki ya kama, ko wani ya haska mata tocila, sai ta zube tana karkarwa tana neman ƙofa da rarrafe. In ta kwanta sai ta sa sakata. Ba ta jin ƙwanƙwasawa, ba ta jin ladan, ba ta jin zakara. Babakura ne yake tashinta sallar asuba, ya kama babban yatsan ƙafarta ya riƙe har ta buɗe ido. Hannunsa kaɗai jikinta ya yarda da shi a cikin barci.

Shi ya sa da likita ya gama yi masa kwana-kwana, Babakura ya fahimci inda maganar ta dosa, bai tambayi kwana nawa ya rage ba. Ya dawo gida ya aika aka kira Sajo.

"Matar nan ba ta taɓa bari rana ta fito mata ba ta yi asuba ba," ya ce. "Za ta yi takaba a ɗakin nan ita kaɗai. Wa zai tashe ta? Ina son fitilar da za ta zo a hankali kamar yadda gari yake wayewa. Kaina ya san yadda za a yi, hannuna ne ya ƙi. Ara mini naka."

Sajo ya ce hannunsa ba na aro ba ne. Washegari ya rufe wurin faci da wuri ya zo.

Yanzu aikin ya kai ga gwaji. An ja zaren ƙananan fitilu a bango sama da gadon Ya Falmata, an ɗora faifan sola a kan kwano, an ajiye batirin babur a ƙarƙashin gado. Allon yana cikin wata robar abinci da aka huda wa ramuka, a gabanta ɗan gilashi mai nuna lokaci da jajayen lambobi. Sajo ya toshe taga da bargo, ɗakin ya yi duhu.

"To wai ta yaya take rage wutar? Ni ban ga abin murɗawa ba."

"Ba rage ta take ba. Ka ga wannan baƙar 'yar ƙwaƙwalwar? Kashewa take tana kunnawa, da saurin da ido ba zai kama ba. In ta fi daɗewa a kashe, ka ga haske kaɗan. In ta fi daɗewa a kunne, ka ga ya cika."

"Wato ƙarya take yi wa ido."

"Kamar yadda kuke yi wa nono da ruwa."

"Allah ya isa. Kira ta mu gani."

Sajo ya leƙa tsakar gida ya yafito Ya Falmata. Ta shigo tana goge hannu da gefen zane, mace ce doguwa mai tsage a fuska, tana magana da ƙarfi don ba ta jin muryarta.

"Kun gama ɓata mini bango?"

Babakura ya nuna mata gado. Ta kwanta ta rufe ido. Ya danna wani abu a tsohuwar kwamfutarsa da ke kan cinya. Suka jira a cikin duhu.

Hasken bai zo a hankali ba. Ya yi kamar ba zai zo ba, sai kuma ya yi tsalle ya bayyana, ba mai yawa ba, amma lokaci ɗaya. Ya Falmata ta yi wata ƙara da Sajo bai taɓa jin irinta daga bakin babba ba. Ta faɗo daga gadon, ta bugi gwiwa, ta rarrafa ta kama ƙofa tana laluben sakata a inda babu sakata. Babakura ya yunƙura zai tashi, ƙafafun suka ƙi, ya kife a gefen katifa. Sajo ya fizge bargon daga taga, ya tsaya tsakiyar ɗaki bai san wanda zai fara ɗagawa ba.

Da aka samu ta natsu, matar Sajo, Dada, ta shigo ta ja ta waje. Sajo ya juyo.

"A bar abin nan. Kashe ta za ka yi kafin kai ka mutu. Dada za ta riƙa tashinta."

"Ta ina? Ta cikin sakata?" Babakura yana haki. "Laifina ne. Na raba hasken daidai-daidai, kamar matakalar bene. Ido a cikin duhu ba haka yake ba, ɗan kaɗan ma yana jin sa da yawa. Dole farkon ya yi rarrafe, rarrafe sosai, sai can gaba ya miƙe."

"Gobe fa ranar wankin ƙodarka ce."

"An wanke, an wanke, tsumman ya gaji. In na je Damaturu kwana biyu ba na iya ɗaga kai. Ba ni da kwana biyun bayarwa."

"Kai dai taurin kai ne zai kashe ka."

"An riga shi."

Bai je ba. Ya zauna da kwamfutar yana canza lambobi da yatsa ɗaya mai rawa, in ya danna ba daidai ba ya goge ya sake. Ya sa Sajo ya karɓo masa kalandar lokutan salla a wurin liman, Malam Nuraddeen, don asuba ba ta tsaya wuri ɗaya ba, ta damina daban ta sanyi daban, kuma yana son abin ya san ta shekara gaba ɗaya. Ya ce tunda an fara, a sa har sauran sallolin, don in hadari ya rufe rana ba ta gane azahar. Abinci ya daina zama a cikinsa. Bakinsa ya fara wani wari kamar na fitsari, shi ma ya sani, in zai yi magana sai ya kau da kai. Wani lokaci yana tsakiyar bayani sai ya yi shiru, ido a buɗe, sai Sajo ya taɓa shi.

Gwaji na biyu Ya Falmata ta ƙi shiga. Sai da Babakura ya kama hannunta ya ɗora a ƙirjinsa, ya dube ta, ya motsa baki a hankali yadda za ta karanta. Ta kwanta, amma jikinta a sandare.

Wannan karon Sajo bai ma san lokacin da abin ya fara ba. Ya dai lura yana iya ganin gefen gado, can kuma ya ga zanen da ke rataye a ƙusa, ja-ja kamar garwashin da toka ta rufe. Hasken ya riƙa ƙaruwa ba a ganin ƙaruwarsa, ya koma ruwan ɗorawa, ya cika ɗakin. Ya Falmata ta buɗe ido. Ta dubi bango, ta dubi mijinta. Ba ta yi karkarwa ba.

"Wannan ya fi ka hankali," ta ce da muryarta mai ƙarfi. "Kai har ƙafa kake murɗe mini."

Babakura ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ta fita ya kira Sajo kusa.

"Ka riƙa hawa kana goge solar. Batirin in ya yi rauni ka canza. Kada ka taɓa cikin robar da wannan hannun naka."

"Na ji. Amma a faɗa wa Malam Nuraddeen, a faɗa wa ƙaninka Kaumi. Dubi abin nan fa. Batir, waya, agogo. Ni kaina da ban san shi ba da gudu zan yi."

"Ka faɗa wa mutum ɗaya, kafin magariba an ji har unguwannin Bolewa da Ngojin, Babakura ya koma haɗa wayoyi. Jami'an tsaro su zo su kwashe su tafi da shi bincike, ni kuma ba ni da ƙarfin haɗa wani. Bari in tafi tukuna. In an gama zaman makoki ka faɗa wa wanda ka ga dama."

Sajo bai so ba, amma ya amince. Mutumin da ke wannan hali ba a ja masa magana.

Ba a yi mako ba. Ranar wata Talata Sajo ya dawo daga masallaci da asuba ya tarar da Ya Falmata tsaye a ƙofar gidansa da hijabi, carbi a hannu. Ba ta taɓa zuwa a wannan lokacin ba.

"Fitila ta tashe ni," ta ce. "Na jira ya kama ƙafata, bai kama ba. Sai ni na kama tasa."

Sajo ya shiga ya tarar da shi a kan katifa, fuska ga bango, hasken yana kansa. Ya rufe masa ido, ya ja zane ya rufe shi. Ya so ya ce masa wani abu na zagi kamar kullum, bakinsa ya ƙi.

Kafin hantsi gida ya cika. Aka cika duro da ruwa a tsakar gida, aka yi masa wanka, aka yi sutura. Mata suka shige ɗakin Ya Falmata suka zauna har bakin ƙofa, ita tana tsakiya a kan tabarma. An buga wa Kaumi waya, ya taso daga Maiduguri, aka jira shi har rana ta kusa tsakiya. Malam Nuraddeen ya ce ba a ajiye gawa saboda mai hanya, ga zafi. Aka yi salla a ƙofar gida, maza suka ɗauka suka tafi maƙabarta. Sajo yana gaba. Shi ya shiga ramin ya karɓe shi. Robar da ke ƙarƙashin gado ko sau ɗaya ba ta faɗo masa a rai ba.

Suna can azahar ta yi.

Abin da ya faru a gida, Dada ce ta ba shi labari daga baya, tana yi tana kuka, don ita ma ba ta san komai ba, Sajo bai faɗa mata ba. Ɗakin da duhu-duhu saboda mata sun tare ƙofa. Wata tsohuwa ta ga bango yana yin ja shi kaɗai, alhali babu wuta a unguwa tun jiya. Ta nuna wa ta kusa da ita. Wata ta bi wayar da ido har ƙarƙashin gado, ta ɗaga zanen gado, ta ga batir, ta ga roba da wayoyi, ta ga jajayen lambobi suna tafiya. A cikin matan nan babu wadda ba ta rasa wani ba a shekarun nan. Ba wadda ta tsaya tambaya. Kalma ɗaya aka faɗa, bam, ɗakin ya fashe da gudu. Aka tattake wata yarinya mai goyo a bakin ƙofa, aka ture tukwane. Ya Falmata tana cewa fitila ce, fitilarta ce, amma muryarta ta saba fita da ƙarfi, sai aka ɗauka ihu take ita ma. Mata biyu suka ja ta waje ta ƙarfi. Da ta ga bakuna a buɗe ana gudu ba ta jin komai, sai abin tasha ya dawo mata, ta zube a zaure.

A daidai nan Kaumi ya sauko daga keke napep da jakarsa. Direba ne, ya ga abin da ya gani a hanyoyin Borno, ɗansa na fari ma a irin haka ya tafi. Ya ji abin da mata ke faɗa, ya ajiye jaka. Bai gudu ba. Ya shiga ɗakin shi kaɗai, ya fizgo robar da batirin gaba ɗaya, wayoyin suka tsinke daga bango, ya rungume su a ƙirji ya fito yana cewa kowa ya kwanta. Ya jefa su cikin duron ruwan da aka yi wa yayansa wanka da shi, ya kife a ƙasa ya rufe kai.

Babu abin da ya tashi. Ruwan ya ɗan yi tsuwa, shi ke nan.

Da masu jana'iza suka dawo, layin cike yake da mutane, ana ta riƙe hannun Kaumi ana sa masa albarka. Sajo ya kutsa, ƙasar kabari har gwiwar hannunsa. Ya leƙa duron. Ya zura hannu ya ciro robar, ruwa yana zuba ta ramukan da shi da kansa ya huda. Gilashin ya yi baƙi.

"Wane ne ya yi wannan?"

"Ni ne," in ji Kaumi.

"Fitila ce. Fitilar tashin matarsa salla ce. Mutumin nan wankin ƙoda ya bari saboda ita. Da hannuna na liƙa ta."

Kaumi ya dubi robar, ya dubi Sajo.

"Ka sani?"

"Na sani."

"Ka sani, ka bar mata cike da ɗaki a kanta, ba ka faɗa wa kowa ba? Malam Sajo, ni na ɗauka mutuwa na runguma. Na yi shahada kafin in taɓa ta."

Sajo mutum ne da ba a ƙure shi a magana, duk bakin hanyar Damaturu an san haka. Ranar sai ya rungume robar ya sunkuyar da kai. Malam Nuraddeen ya shiga tsakani ya ce a yi salati, a shimfiɗa tabarmi, mamaci yana buƙatar addu'a ba hayaniya ba.

Sajo ya shanya allon a kan kwano kwana biyu. Ya haɗa da wani batir, ko ƙyaftawa bai yi ba. Ya naɗe shi a tsumma da kwamfutar ya kai wa Bilyamin, wanda aka ce ya fi kowa iya gyaran waya a kasuwa. Bilyamin ya duba da gilashin ƙara girma, ya taɓa nan ya taɓa can, ya girgiza kai.

"Baba, ƙwaƙwalwar ta ƙone. Ruwa ya same ta da wuta a jiki."

"A sa sabuwa."

"Ko na samo sabuwa, fanko ce. Abin da ke sa ta aiki karatun da ya zuba mata ne. Yana cikin kwamfutar nan, ita kuma a kulle take, ko na buɗe ban san kansa ba. Ni waya nake gyarawa." Ya rage murya. "Kuma don Allah ka naɗe shi ka fita da shi. Ga mutane can suna leƙe."

Ya naɗe ya fita.

Mairam ta zo daga Gaidam da jaririnta ta zauna da uwar. Asubar farko ta gwada kama mata ƙafa kamar yadda ta san babanta yana yi. Ya Falmata ta farka tana duka, ta fasa wa 'yarta leɓe, ta ciji harshenta. Daga ranar ta daina kwanciya. Sai ta zauna a kan tabarma ta jingina da gado, ido a kan taga, tana jira ta ga Mairam ta motsa don ta san lokaci ya yi. Kafin sadakar bakwai idanunta sun faɗa, tana tafiya tana dafa bango. Mairam ta roƙa a bar ta ta tafi da ita, malamai suka ce takaba a ɗakin miji ake yi. Mijin Mairam kuma ya aiko. Ta tafi tana kuka. Kaumi ma ya koma, ya zo yi wa Sajo sallama, suka gaisa ba su dubi juna ba. Dada ta ce za ta riƙa kwana a ɗakin, Ya Falmata ta girgiza kai, ta nuna leɓenta, ta nuna sakata.

Washegarin tafiyarsu, rana ta fito ta hau katanga, ƙofar ɗakin tana rufe. Dada ta yi ta bugu, ta san banza ne amma ta yi. Sai wajen hantsi aka zare sakata. Ya Falmata ta fito ta ga rana a tsakar gida. Ta tsaya tana kallonta. Sannan ta zauna a dokin ƙofa ta ɗora hannu a ka. Ranar da mijinta ya rasu ba a ji kukanta ba, ranar nan an ji shi har wurin Sajo ta bayan katanga.

"Na kwanta kamar jaka," take cewa. "Ya Babakura, rana ta same ni a kwance."

Sajo yana tsaye a tsakar gidansa yana ji. Ba shi da ikon shiga, mai takaba ce, shi kuma ba muharraminta ba. Bai je wurin faci ba ranar. Ya zagaya ya dubi katangar, ya dubi 'yar tagar ɗakinta da ke fuskantar gidansa, babu gilashi, sai raga, tsakaninta da katangar bai fi taku ɗaya ba. Ya shiga ɗakin Dada ya hau birkita kayan da ke bayan gado.

"Me kake nema?"

"Fitilar ƙwan nan ta aurenki."

"Wa yake kunna fitilar ƙwai yanzu? Ko lagwani babu."

Ya same ta, ta yi tsatsa, ƙwan da ƙura amma bai fashe ba. Ya wanke shi da toka. Ya yi yawo a kasuwa kafin ya samu lagwani a wurin wani tsoho, ya sayo kananzir a kwalba. Ya zauna ya ɗiga wa abin murɗawar baƙin mai, yana juya shi gaba da baya har ya daina cijewa. Ya ce wa Dada ta je ta nuna wa Ya Falmata da hannu, ta bar labulen taga a ɗage, ta kwanta ta yi barci.

"Kullum za ka yi wannan? Har ta fita takaba?"

"Ke dai je ki faɗa mata."

Da aka yi kiran farko ya tashi. Ya mirgino tsohuwar tayar tirela ya jingina da katanga, ya hau. Ya kunna ashana a ƙasa, a bayan katangar, inda walƙiyarta ba za ta kai taga ba. Ya mayar da lagwanin ƙasa har wutar ta zama ɗan shuɗin zare, kamar za ta mutu. Sannan ya ɗaga fitilar a hankali ya ɗora a kan katanga, daidai ragar.

Yatsunsa masu kauri suka kama ɗan ƙarfen. Ya murɗa kaɗan, kaɗan ƙwarai, ya tsaya. Hannun yana so ya yi sauri, ya hana shi. Farkon rarrafe. Sauro yana cizon wuyansa bai kore shi ba. Ya sake murɗawa. Ragar tagar ta fara fitowa, sai gefen labule, sai wani ɗan yanki na bango a ciki, inda zaren matattun fitilun yake rataye har yanzu. Masu tafiya masallaci suna wucewa a layi, yana jin takunsu. Ƙafarsa ta fara sagewa a kan tayar.

Wutar ta kai rabi, ta wuce. Babu motsi a ɗakin. Ya ƙara, ya jira.

Can ya ji gado ya yi ƙara. Ba ihu, ba faɗuwa. Sai jan takalmi a kan siminti, sai sakata. Sannan ya ji murfin buta ya bugi bakinta, ruwa ya fara zuba a ƙasa.

Sajo bai sauko nan da nan ba. Ya bar fitilar tana ci a kan katanga, hannunsa a gefenta yana tare mata iska.